'Yar Tsanar da Atine Ta Goya

Akwai wata baiwar Allah mai suna Atine, 'yar Bakori, da aure ya kai ta birnin Doha. Mijinta Ɗalhatu ma'aikaci ne a wani kamfanin gas, suna zaune a hawa na biyu na wani gida a unguwar Old Airport.

Mace ce mai kunya, irin wadda idan baƙo ya yi sallama sai ta rasa inda za ta ajiye idonta. Karatunta bai yi nisa ba. Turanci kaɗan take tsinta, Larabci kuwa sai na salla.

Sati uku da saukarta aka rufe gari saboda korona.

Haka ta daɗe tana kallon Doha ta taga. A cikin wannan hali ta samu ciki, a cikinsa kuma ta haihu. Ba Inna, ba gwaggo, ba mai dafa mata ruwan wanka. Komai ta waya mahaifiyarta ta koya mata.

Ranar da za ta fara goya jaririyar, wadda aka sa wa suna Ikhlas, jingina wayar ta yi da gwangwanin madara, Inna tana kallonta daga Bakori.

"Sunkuya sosai. A'a, kin bar mata wuya yana lilo. Ja zanin sama. Yauwa. Yanzu kawo majanyi, ki ɗaure kamar da gaske."

Sau biyar tana kwancewa tana sakewa. Da ta iya, sai ta iya sosai. Tun daga ranar Ikhlas ta koma zama a bayanta. Da ita take shara, da ita take girki. A garin da ba ta san kowa ba, wannan ɗumin da ke bayanta shi ne gida.

Da aka buɗe gari suka fara fita, haka take shiga mota da goyonta. Takan zauna a bakin kujerar baya, ta ɗan karkato gaba don kada ta danne yarinyar, ta dafa kujerar mijinta. Bel kuwa ba maganarsa ma ake ba. Ta ina mai goyo za ta ɗaura bel?

Shi ma maigidan ba ɗaurawa yake ba. Ta bayan kujera ya zagaya da nasa ya maƙale, don motar ta daina yi masa kuka, sai ya zauna a kai. Ɗalhatu mutumin kirki ne, ba ya rage ta da komai, amma akwai shi da ji da kai a kan tuƙi.

"Ni da na yi Funtuwa zuwa Legas ba sau ɗaya ba," yakan ce, "wannan titin mai santsi kamar faranti ne zai ba ni tsoro?"

Ana saura wata biyu a fara gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin duniya, gari ya cika da shiri. Ko'ina tutoci, ko'ina 'yan sanda. Wata Juma'a bayan la'asar sun fito za su kasuwa, sai aka tsayar da su kusa da wani shataletale.

'Yan sanda biyu ne, namiji da mace. Namijin ya leƙa, ya ga bel a maƙale, mutum a zaune a kansa. Bai ɗaga murya ba. Ya rubuta wa Ɗalhatu tara, ya ce masa, "Yalla, maza ɗaura yanzu ina gani."

Macen kuwa tagar baya ta zagayo. Ta daɗe tana kallon ɗan kan da ya leƙo ta kafaɗar Atine. Ikhlas ta miƙa mata hannu, ta kama ta girgiza. Sannan ta ba Atine wata takarda mai hoton yaro a kujera, ta yi wa Ɗalhatu bayani da Turanci.

Suna barin wurin ya fara faɗa.

"Wai aji! Wai an ba su tallafi na koyar da mutane kafin ƙwallo, har da rabon kujerar yara. Ni za a zaunar a koya mini yadda ake ɗaukar 'yata? Mu duk nan a baya aka goya mu, a bayan akori-kura ma, ga mu da ranmu."

Atine ta ninke takardar ta soke a bakin zani.

Washegari ta kai wa maƙwabciyarsu, Anti Adisa, wata nas 'yar Kumasi da ke hawa na ɗaya. Anti Adisa babbar mace ce mai babbar murya. Tun da ƙasarsu ta hana Najeriya zuwa gasar ba ta bar Ɗalhatu ya huta ba. Ko a matakala suka haɗu sai ta ce, "Malam Ɗalhatu, in kana son kallon ƙwallo ka zo mu ara maka tuta."

Ta karanta takardar, ta ce, "Ranar Asabar mai zuwa ne, a unguwar Aziziya. Kyauta. Ba ni da aiki ranar, ni zan kai ki. Ki tambayi ogan naki."

Da Atine ta tambaya, dariya Ɗalhatu ya yi.

"Je ki mana. Idan kin ga suna rabon shinkafa ki karɓo mana."

Wani babban ɗaki ne mai sanyi, cike da mata daga ƙasashe daban-daban, wasu har lokacin da takunkumi a fuska. Mai koyarwar ita ce 'yar sandar nan ta shataletale. Sunanta Sana. Tana magana, Anti Adisa tana juya wa Atine da Hausa.

Ta ce tallafin da aka ba su kashi biyu ne. Da kashi ɗaya suka ƙara masu tsaro a kan titi, da ɗayan suka buɗe wannan aji. "Tara tana sa mutum ya ji tsorona," in ji ta. "Ni kuma so nake ya ji tsoron abin da nake gani idan an kira mu wurin hatsari."

A gaban ɗakin akwai wata kujerar mota da aka ɗora a kan gajeren ƙarfe mai gangara. Idan aka sake ta sai ta zurara ƙasa ta tsaya cak, kamar motar da ta daki wani abu. Gefe kuma ga 'yan tsana masu nauyin yaro na gaske.

Aka ɗaura wa wata mata bel, aka ba ta 'yar tsana ta rungume iya ƙarfinta. Aka saki kujerar. Tana tsayawa 'yar tsanar ta fita daga hannunta ta faɗi can gaba. Mace ta biyu ma haka.

Atine ta matsa kusa da kunnen Anti Adisa ta ce a hankali, "Tawa ba za ta faɗi ba. Ni ai ba a hannu nake riƙewa ba."

Ba ta rufe baki ba Anti Adisa ta ɗaga hannu ta faɗa wa ɗaki gaba ɗaya da Turanci.

"Anti! Don Allah!" Atine ta ja mayafi ta rufe fuska. Ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sana ba ta yi dariya ba. Ta tako har inda suke, ta ce gaskiya ba ta taɓa gwada irin wannan ɗaurin ba, ita ma tana so ta gani. Ta roƙi Atine ta nuna musu.

Atine ta sauke Ikhlas ta miƙa wa Anti Adisa. Ta sunkuya ta ɗora 'yar tsana a baya, ta ja zani, ta kawo majanyi ta tamke. Wannan aikin kam hannunta ya san shi. Mata suka fara ɗaga waya suna mamakin saurinta.

Ta hau kujerar ta zauna a baki-baki yadda ta saba. Sana ta ɗaura mata bel a ƙugu kawai, ta ce wannan dole ne. Sannan ta saki.

Gau!

Atine ta ji an wurga ta gaba, kafin ta yi salati an dawo da ita baya da dukkan nauyinta. Ta ji wani ɗan sauti a bayanta, ƙas.

Ta shafa. 'Yar tsana tana nan daram, ba ta faɗi ba. Har ta fara murmushi.

Da ta kwance zanin ta juyo da ita, sai murmushin ya tsaya. Fuskar 'yar tsanar ta lotsa ciki, wuyan ya karye ya kwanta gefe guda. Can a hannun Anti Adisa kuwa Ikhlas tana ta tafi tana ƙyalƙyala dariya, ita a ganinta wasa Mama take yi.

Sana ta durƙusa a gabanta ta yi magana a hankali, Anti Adisa ta fassara, ita ma muryarta ta sauka.

"Ta ce ɗaurinki bai ci amanarki ba, ya riƙe. Jikinki ne ba za ki iya riƙewa ba. Kuma ta ce wannan gudun bai wuce na keke ba."

Atine ta rungume 'yar tsanar tana hawaye. Ta manta da kunya, ta manta da mutane.

Ranar aka ba Atine kujerar yara kyauta, kuma sai da aka watse aka bar su. Sana ta shiga motar Anti Adisa da kanta, tana gumi cikin kakinta, ta nuna wa Atine yadda ake kafa kujerar da yadda ake jan igiyoyin. Ta sa ta maimaita har ta iya. Ta faɗa mata abin da ake yi da wanda ba a yi idan, Allah ya kiyaye, wani abu ya faru. Sannan ta ce ta gode, yau ita ma ta ƙaru.

To, samun kujera daban, zama a cikinta daban.

Ikhlas yarinya ce da ta tashi a bayan uwa. Ana sa ta a kujerar take sandarewa, ta tsala ihu har fuskarta ta yi ja. Ranar farko ko ƙofar gida ba su bari ba Ɗalhatu ya taka birki.

"Ciro ta ki goya ta. Ba zan iya tuƙi da wannan ba."

Atine, wadda tun aurensu ba ta taɓa ce masa a'a ba, ta sunkuyar da kai.

"Baban Ikhlas, ka yi haƙuri. In dai sai na goya ta, to ka sauke mu mu tafi a ƙafa."

Ya juyo yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

"A wannan ranar? Ke kin san zafin da ake yi?"

"Na sani."

"Aji ɗaya kika je, har kin zama 'yar sanda?"

Ta buɗe ƙofa ta sa ƙafa ɗaya a waje. Ya yi tsaki, ya ce ta rufe masa ƙofa sanyin mota yana fita. Haka suka tafi, yarinya na ihu, miji na huci.

Bai tsaya nan ba, sai da ya kai ƙara Bakori. Inna ta kira a bidiyo ranta a ɓace.

"Atine, me nake ji? Kin ɗaure mini jika da igiya kamar akuyar da za a kai kasuwa? Ba ni na koya miki goyo ba? Ko bayan naki ne ya gaji?"

Wannan maganar ta fi ta mijin yi mata ciwo. Ta so ta ba Inna labarin 'yar tsana, amma bakinta ya kasa. Abin da ta iya cewa kawai, "Inna, a gida ina goya ta. A mota ne kawai." Da aka kashe wayar ta shiga kicin ta yi kukanta.

Sati ya bi sati. Kukan Ikhlas ya ragu, amma bai ƙare ba. Duk fita Atine tana gefenta, ta ɗaura nata bel ɗin, tana mata waƙa, tana ba ta dabino. Duk fita kuma sai Ɗalhatu ya yi mita.

Aka fara gasa. Doha ta cika ta batse, kowane titi da kalar rigarsa da irin kiɗansa.

Wata rana da rana tsaka suka tashi kai wa wani abokin Ɗalhatu ziyara a Aziziya, matarsa ta haihu. Ashe ranar akwai wasa a filin da ke kusa. Suka faɗa cikin cunkoso, su ne na ƙarshe a layi. Ikhlas ba ta yi barcin rana ba, ga ƙarar ganguna da hon. Ta fara kuka irin wanda ta daɗe ba ta yi ba, tana miƙo hannu biyu tana "Mama, goyo! Goyo!"

"Don girman Allah ciro ta," in ji Ɗalhatu. "Motar ma a tsaye take. Minti biyar kawai, ta yi barci ki mayar."

Atine ta duba gaba, motoci ba sa motsi. Ta duba 'yarta, majina da hawaye sun haɗe. Zuciyarta ta karye. Ta kai hannu kan maɓallin, har ta ɗora babban yatsa.

Sai ta janye. Ta kwantar da kanta a gefen kujerar, ta kama ɗan hannun ta sa a kumatunta.

"Yi haƙuri, uwata. Mun kusa."

"Wallahi taurin kanki ya fara..."

Bai ƙarasa ba.

Wata farar motar kaya ce ta taho daga baya. Direban ya shagala da kallon masu tutoci, bai ga layi ya tsaya ba. Ƙarar kamar an fasa gini. Gilashin baya ya zube, but ɗin ya shigo ciki, motarsu ta je ta daki ta gaba.

Sai shiru.

Shirun nan Atine ba za ta manta da shi ba har ta mutu. Ta ɗago da ƙyar. Ikhlas tana cikin kujerarta, ido a buɗe, baki a buɗe, ba sauti. Daƙiƙa ɗaya, biyu, uku.

Sannan ta callara ƙara.

Ba a taɓa yin kukan da ya yi wa uwa daɗi kamar wannan ba.

Ɗalhatu ya fito yana tangaɗi, ya fizge ƙofar baya yana salati, ya kama igiyoyin zai ciro ta.

"Bar ta a ciki!" Atine ta riƙe masa hannu. "An ce in ba wuta ko hayaƙi, kada a ciro yaro sai masu asibiti sun duba wuyansa."

Karon farko bai yi musu ba. Ya durƙusa a kan kwalta yana riƙe da ƙafar 'yarsa har motar asibiti ta iso.

Aka yi hoto, aka duba ko'ina. Likita ya ce ko ƙwarzane babu a jikin yarinyar. Ɗalhatu bel ya gurje masa ƙirji, bel ɗin da tsoron tara kawai ya sa yake ɗaurawa. Atine ce ta fi jin jiki.

Da suka koma gida ta roƙe shi ya shafa mata magani a baya. Ya ɗaga rigar, sai ya tsaya. Tsakanin kafaɗunta ya yi baƙi ƙirin, ya kumbura, faɗinsa kamar tafin hannu biyu. Daidai inda kan Ikhlas yake kwanciya.

Sannan ya zame ya zauna a ƙasa, maganin na hannunsa.

"Ni na ce ki ciro ta," ya ce. "Da bakina. Minti biyar na ce."

"Allah ya tsare, Baban Ikhlas."

"Ki yafe mini, Atine."

Shi da kansa ya kira Bakori ya faɗa wa Inna komai, bai rage laifinsa ba. Inna ta yi ta salati, ta ce a ba ta Atine. Da aka ba ta kuma, "Allah ya yi miki albarka" kawai Inna take ta maimaitawa.

Da Atine ta ji sauƙi ta ce tana so ta ga Sana. Suka je ɗakin ajin, aka ce an dakatar har a gama gasa, duk an tura su kan titi. Ɗalhatu bai gaji ba. Kwana uku yana tambaya, har wani ɗan sanda ya kwatanta masa wata mararraba kusa da tashar jirgin ƙasa.

Da hantsi suka same ta a tsakiyar jama'a, usur a baki, tana tsayar da motoci tana tsallakar da 'yan kallo. Fuskarta duk ta yi duhu saboda rana. Suka jira a gefe har aka karɓe ta ta zo shan ruwa.

Ɗalhatu ya shirya dogon jawabi da Turanci tun daga gida. Da ya tsaya a gabanta sai ya nuna mata hoton motar a waya, ya nuna Ikhlas, shi ke nan.

Sana ta kalli hoton, ta kalli yarinyar, ta gane su. Ta dafe ƙirji.

Atine ta miƙa mata robar dambun naman da ta kwana biyu tana yi. Sana ta girgiza kai tana murmushi, ta nuna kakinta. Ba a karɓar kyauta a bakin aiki.

Atine ta tsaya da roba a hannu. Ba Anti Adisa, ba mai fassara, ga mutane na wucewa ta ko'ina. Sai kawai ta kama hannun matar da hannu biyu, ta buɗe baki da Hausarta ta Bakori, da ƙarfi, yadda ba ta taɓa magana a bainar jama'a ba.

"Allah ya tsare ki yadda kika tsare mini 'ya."

Sana ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Amma ta ji sunan Allah, ta kuma ga fuskar mai maganar.

"Amin," ta ce.

"Allah ya raya miki naki. Allah ya saka wa iyayenki da Aljanna."

"Amin."

"Waɗanda suka ba da abin da aka sayi kujerar nan, ban san su ba, Allah ya san su. Allah ya sa su gama da duniya lafiya."

"Amin, amin."

Can aka busa usur ana kiranta. Ta goge ido da bayan hannu, ta sumbaci Ikhlas a goshi, ta gyara hularta ta koma tsakiyar titi.

Darasi: 'Yan uwa, ba duk abin da muka gada ne ya dace da kowane wuri ba. Goyo gata ne a gida, amma a cikin mota kujerar yaro da bel su ne gata. Kada girman kai ya hana mu zama a koya mana, kuma kada kukan yaro na minti biyar ya sa mu yi abin da za mu yi kuka a kansa har abada. Idan ma'aikacin hanya ya tsayar da kai ko ya kira ka aji, ka gode masa, wataƙila ran ɗanka yake tsare maka. Don Allah ku tura wa duk wata uwa mai goyo da duk wani uba mai mota, ba ku san wanda Allah zai tsare ta dalilinku ba.